Abin da Rinzo Ya Fasa

Alhamis, 5 ga Yuni, da hantsi

Da hannun dama nake rubutu, to me ya rage? Na hagun yana naɗe kamar jariri, likita ya ce yatsu biyu ne suka karye. Na ce masa faɗuwa na yi a bakin tanderu. Ya dube ni ta saman tabarau, ya rubuta abin da ya ga dama. Shekarata saba'in da huɗu, ina da ikon faɗuwa a gidana.

Rinzo ya cinye shinkafarsa tas, ya shanye miya, ya tambaye ni ko itacen wuta ya bushe. Na ce ya bushe. Mun yi shekaru rabonmu da gasa ko kasko, amma ba ƙarya na yi wa mijina ba, itacen kam ya bushe.

Na tsince tsingaron ranar Talata, na zuba a tire, na rufe da tsumma. Kwanon shayin nan ne mai launin ƙasa, na gashin tanderunsa na farko, shekarar da aka kawo ni gidan nan. Ba zan rubuta komai a kan Talata ba.

Juma'a, 6 ga Yuni, da yamma

'Yarmu Kanae ta kira daga Kobe. Wani ya kai mata labari, kuma na san bakin wa ne.

"Mama, me ya sami hannunki?"

"Faɗuwa."

"A kan me kika faɗi?"

"A kan ƙasa mana, kamar kowa."

"Mama, ina gudumar Baba?"

"Tana inda take."

Sannan ta ce gobe tana tafe. Na ce ta taho min da garin alkama, nawa ya yi ƙwari.

Asabar, 7 ga Yuni, da almuru

Ta zo. Ko takalmi ba ta gama cirewa ba idonta ya sauka a kan kantar jera tukwane. Kantar da a da babu wurin sa yatsa, yanzu ta yi giɓi-giɓi kamar bakin Haruyo maƙwabciyata.

"Ina tulun nan mai zanen ciyawa? Ina farantai? Mama, waɗannan fa daga Tokyo ake tasowa kallonsu."

"Shi ya gina su."

"Shi kuma yake fasa su."

Na ce mata tun kafin a haife ta haka ubanta yake. Duk ranar buɗe tanderu sai ya zauna a kujerarsa da 'yar gudumar nan, ya ɗauki kowanne ya juya, ya leƙa gindinsa, ya ƙwanƙwasa ya saurara. Fiye da rabi a ramin bayan gida suke ƙarewa. A lokacin masu jarida har hoto suke ɗaukarsa, suna cewa ga Malam Rinzo da ba ya yafe wa yumɓu. Yau abu ɗaya yake yi, da hannu ɗaya, a kujera ɗaya, sai aka canza masa suna aka ce ciwon mantuwa. Bambancin kawai babu sababbi, shi ya sa yake sauko da tsofaffin.

"Bambancin yana naɗe a hannunki," in ji ta.

Yarinyar nan bakina ta ɗauko, ba na ubanta ba.

Ta jira sai da muka ci abinci ta fito da abin da ya kawo ta. Akwai gurbi a gidan kula da tsofaffi na bakin kogi, tsakiyar watan gobe. Ta riga ta yi magana da su, hatimina kawai ake jira. Na ce muddin Rinzo ya san ni, ba inda za shi. Ta ce to, ta ji, ta kuma riƙe maganar. Ni ma na riƙe.

Ya san ni.

Litinin, 9 ga Yuni, da safe

Na yi abin da ban taɓa yi ba.

A gidan masu ƙaron urushi aka haife ni, wato ƙaron itace mai cin fata da ake liƙe tukwane da shi, ina 'yar ƙarama na fara haɗa fasassun kwanoni. Daga ko'ina ake aiko min da su, a naɗe cikin auduga kamar ƙwai. Amma watan farko na aurenmu Rinzo ya same ni tsugune a bakin rami ina juya wani tsingaro, ya ce, "Ke. Abin da na fasa, kada ki taɓa." Sau ɗaya ya faɗa. Na gyara na baƙi, na gyara na maƙwabta, na gyara na abokan hamayyarsa ma, nasa kuwa na bar wa ruwan sama. Aikina a bakinsa liƙe-liƙe ne. Bai taɓa zama ya duba ko ɗaya ba.

Yau na kwaɓa garin alkama da ruwa, na zuba ƙaro, na murza har ya yi danƙo. Na matse kwanon da gwiwoyina tunda hannu ɗaya gare ni. Manyan sun haɗu lafiya, akwai ɗan giɓi a baki, wannan sai na cike. Na sa shi a kabad, na jiƙa tawul na shimfiɗa a ƙasa. Da wannan daminar ƙaro ba zai yi min gardama ba, danshi yake so kuma ga shi har ya yi yawa.

Ya hana. To, na taɓa.

Laraba, 11 ga Yuni, da rana

Ruwa. Ya fasa kaskon furanni. Na share.

Juma'a, 13 ga Yuni, da hantsi

Haruyo ta shigo da awara a roba, ko sallama ba ta yi ba, wai hannunta a cike.

"Tsohuwar gulma," na ce, "an gama kai rahoto Kobe?"

"An gama. Da akwai na kaiwa Tokyo ma da na kai."

"Ki ajiye awararki ki fita."

"Sai na sha shayi. Ƙafata ciwo take."

Na haɗa mata. Ta leƙa ɗakin aiki, ta ga Rinzo a kujerarsa yana shafa wani tulu kamar mai lallashin kyanwa, ta rage murya.

"Tomie, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ranar nan ba ƙarar kwano kaɗai na ji ba."

"Kunnenki ya tsufa."

"Ya tsufa, amma ya san muryarki. Tun muna amare ban taɓa jin kin yi irin wannan ƙarar ba, ko ranar haihuwar Kanae."

Na ce awarar ta yi ruwa, ba kamar ta marigayi mijinta ba. Ta ce haka ne, ita ma ta sani. Muka sha shayinmu. Na ji haushinta, kuma na ji daɗin zamanta, duka biyun.

Lahadi, 15 ga Yuni, da yamma

Ƙaron ya shiga ciwon. Hannun ya kumbura har gwiwa, ƙuraje ja-ja, ƙaiƙayi kamar in cire fatar in rataye. Tun ina yarinya rabon da urushi ya cije ni, har alfahari nake yi wa masu zuwa koyo suna tafiya da fuska kamar tulu. Ashe jira yake ya sami ƙofa.

Rinzo ya ga ina susa, ya ce, "Ke, wa ya ji miki ciwo?"

Na ce ƙaro ne.

Ya ce, "Na sha gaya miki ki bar liƙe-liƙen nan."

Kin gani, Kanae? Ya san ni.

Alhamis, 19 ga Yuni, da safe

Ruwa. Bai fasa komai ba. Ya yi min wata tambaya muna karyawa, ba zan rubuta ta ba.

Lahadi, 22 ga Yuni, da almuru

Sai na rubuta wannan yau don kada gobe in yi sanyi.

Kanae ta zo jiya ta koma yau da sassafe. Ashe kafin ta tafi ta ɗauke gudumar ta ɓoye, ba ta gaya min ba. Da hantsi Rinzo ya zauna a kujerarsa, ya miƙa hannu gefe yadda ya saba, babu. Ya sake miƙawa. Ya tashi ya zazzage akwatin kayan aiki, ya ɗaga tabarma, ya buɗe har wurin da muke kunna wa kakanni turare. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Sai cewa yake, "An buɗe tanderu, mutane na jira, an buɗe tanderu." Na shiga ɗaki in duba ƙarƙashin katifa, kafin in fito ya fice. A bakin rami na same shi, ba takalmi, ruwa na dukansa, yana tonon tsingaro da hannu. Mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar da muka binne ɗanmu na fari.

Na kira ta.

"Ina kika sa?"

"Mama, don ke na yi."

"Ina kika sa?"

"Ba zan iya barci a Kobe ba ina tunanin wata rana kanki ne ba hannu ba."

"Kanae. Ubanki yana cikin rami."

A cikin buhun shinkafa take, can ƙasa. Na goge ta na kai masa. Ya karɓa ko dubana bai yi ba, ya koma ya zauna, numfashinsa ya dawo daidai. Na wanke masa ƙafa, na cire wani ɗan tsingaro a diddigensa. Bai fasa komai ba, rungume ta kawai ya yi har barci ya ɗauke shi.

Ba wanda zai sake ɓoye masa komai a gidan nan.

Talata, 24 ga Yuni, da rana

Na fito da kwanon, ya kama ƙam. Na kankare abin da ya tsattsafo, na kwaɓa ƙaro da garin ƙasa na cike giɓin bakin. Ya koma kabad. A ƙa'ida sai in ƙara masa kwanaki, amma ba ni da su. Wata ta yanka min wa'adi daga Kobe.

Juma'a, 27 ga Yuni, da yamma

Wata Malama Nakazono ta zo daga wancan gidan. Yarinya mai ladabi, ta kawo alewar wake, ta yi ta rusunawa har na ji tsoron bayanta. Ba ni da abin da zan ce a kanta, shi ne abin haushin. Ta ce ɗakin yana kallon kogi. Ta ce ranar Laraba suna ba tsofaffi yumɓu su yi wasa da shi.

Su yi wasa da shi.

Na ce mata alewar ta yi daɗi. Ta tambayi Rinzo ko wace shekara muke, ya gaya mata ta aurenmu. Ta tambaye shi wace ce wannan, ta nuna ni. Kafin ya buɗe baki na tashi na ce ruwan shayi ya tafasa.

Ya tafasa ɗin kuwa.

Litinin, 30 ga Yuni, da hantsi

Ruwa. Kwaɗi sun cika gonakin shinkafa da kuka. Ya fasa babban faranti mai shuɗi, wanda wani ɗan kasuwar Kyoto ya yi shekaru yana zarya a kansa. Na zauna nesa, hannuna a cinya, na kalla. Ya juya shi, ya saurara, ya ce, "Ya yi fahariya da yawa." Gaskiya ya faɗa, ni ma ban taɓa son farantin nan ba.

Alhamis, 3 ga Yuli, da safe

Na goge haɗin da gawayi har yatsa ya daina jin tudu. Na yi shafin baƙin ƙaro na farko. An cire min bandeji, yatsun biyu sun ƙi lanƙwasa, sun tsaya kamar masu nuna hanya.

Asabar, 5 ga Yuli, da yamma

To, bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Ni na sa hannu. Na shigo na ga ya sauko da kwanon, na ga ya ɗaga gudumar. Duk tsawon aurenmu ban taɓa shiga tsakaninsa da tukunya ba, amma wannan a cikinsa ya haɗa min shayi ranar da na shigo gidan nan, ina kuka ina son komawa wurin uwata. Sai na ɗora hannu a kai. Ya ga hannun. Na ga ya gan shi.

Rinzon da na aura da ya tsaya.

Shi ke nan. Na rubuta. Wannan ba ya nufin za su ɗauke shi.

Talata, 8 ga Yuli, da rana

Shafi na biyu ya ɗan yamutse, danshi ya yi yawa. Na goge na sake. Haruyo na tsaye a kaina tana cin gyaɗa.

"Baƙi za ki bar shi? Kan wannan launin ƙasar ba wanda zai lura."

"Zinare zan sa."

"Zinare? Mutumin da yake cewa zinare kwalliyar marasa kunya ce?"

"Shi fa."

"Kina neman ya sake fasawa ke nan."

Na ce ba ɓoyo nake yi ba. Na sa wa kwanonin baƙi zinare har na gaji, mutanen da ko fuskarsu ban sani ba. In zan karya dokarsa, to ya hango daga bakin ƙofa. In ya fasa, nasa ne. In tsince in sake.

"Taurin kanki zai kashe ki, Tomie."

"Zai dai riga gulmarki."

Asabar, 12 ga Yuli, da hantsi

Na ja jan layin ƙaro a kan haɗin da siririn burushi, na riƙe numfashi kamar yadda ubana ya koya min. Na jira ya fara kamawa, na barbaɗa garin zinaren da audugar siliki. Ya hau. Ban taɓa yin layi mai kyan wannan ba, da yatsu takwas.

Kanae ta kira, motar gidan tsofaffin ranar Laraba za ta zo. Na ce ban buga hatimi ba. Ta ce ta sani, za su zo da takardar.

Talata, 15 ga Yuli, da yamma

Ruwa ya ɗauke. Kanae ta iso, tana ɗaki tana ninke rigunan ubanta a jaka. Ban hana ta ba, ninki ba ya cutar da riga.

Laraba, 16 ga Yuli, da rana

Da safe na haɗa shayi a kwanon. Bai kamata a zuba masa ruwan zafi da wuri haka ba, na sani, duk mai koyon da ya yi haka da na kore shi. Na kai wa Rinzo a kujerarsa, na ajiye, na ja baya na zauna. Gudumar na gefensa. Kanae na tsaye a bakin ƙofa da jaka a hannu.

Ya sha. Ya shanye, ya goge bakin da yatsa. Sai ya tsaya. Ya bi layin zinaren da babban yatsa tun daga baki har gindi, ya juya, ya bi ɗayan. Ya kifa shi ya leƙa. Ya kai shi wajen taga. Ya ɗauki gudumar. Na ji Kanae ta ajiye jakar. Hannuwana suna cinyata, na danne ɗaya da ɗaya.

Ya daɗe a haka. Sannan ya mayar da gudumar gefe.

"Wannan ba nawa ba ne ni kaɗai yanzu," ya ce. "Ba na fasa aikin wani."

Sai ya juyo gare ni, ya gyara zama, ya rusuna kamar yadda yake yi wa baƙin da suka zo daga nesa.

"Malama, wa ya yi gyaran nan?"

Malama. Mutumin da tun ranar farko sunana a bakinsa Ke.

Na ce wani ne a garin nan.

"In kin gan shi ki gaishe shi. Ki ce Rinzo ya ga aiki. Dubi nan, ya san inda zai yi siriri, ya san inda zai saki hannu. Bai rufe wa yumɓun baki ba." Ya sake shafawa. "Matata ma tana ɗan taɓa liƙe-liƙen nan. Amma ina, ba ta kama ƙafar wannan ba."

Na ce zan isar.

Kanae ta ja ni madafa, fuskarta duk hawaye.

"Mama, kin ji da kunnenki."

"Na ji."

"Ke kika ce muddin ya san ki."

"Ni na ce. Na canza magana."

"Haka kawai?"

"Haka kawai. Tsohuwa ce ni, an yarda min. Shi bai san ni ba, ni na san shi. A can bakin kogi wa ya san shi? Su ba shi yumɓu ranar Laraba su tafa masa?"

"In ya sake fa?"

"Hannuna ba zai sake zuwa wurin ba. In kuma ya zo inda nake, ni da kaina zan kira su, ba sai Haruyo ta wahalar da ƙafarta ba."

"Ba ki da tausayina, Mama."

Wannan ta shige ni. Na ce ina da shi, amma ba zan biya shi da ubanta ba.

Motar ta zo, fara, da Malama Nakazono a gaba. Na fita har bakin hanya, na rusuna mata fiye da yadda take rusuna min, na ba ta haƙurin wahalar da aka sa su. Ta duba bayana tana neman Kanae, Kanae ba ta fito ba. Ta ce gurbin ba zai jira ba. Na ce a ba mai buƙata. Haruyo na leƙe ta kan katanga, ko kunya.

Kanae ta bi jirgin rana. Ba ta yi min sallama ba, amma ta zazzage jakar ta mayar da rigunan inda suke.

Laraba, da almuru

Na same shi a baranda, kwanon a cinyarsa. Na zauna a gefe kamar baƙuwa, na ce na isar da gaisuwar.

"Ya ce me?"

"Ya gode. Ya ce a gaya maka matarka ta fi shi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na bubbuga masa baya. Da ya dawo daidai sai ya matso, ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Kada ki bari ta ji. Ba za a zauna lafiya a gidan nan ba."

Na ce ba zan gaya mata ba. Na shiga madafa na yi kukana har ya ishe ni, sannan na wanke shinkafa na ɗora, ta mutum biyu.